Kai wa sojojin da suka ji rauni tufafi ta hannun limamin bariki

Ummu Halima, Bauchi:

Assalamu alaikum. Mu ƙungiya ce ta mata masu ɗinki a wajejen Wunti, kuma tun bayan ranar tunawa da mazan jiya ta 15 ga Janairu muke shawarar tara wa sojojin da ke jinya tufafi. Abin da ya zaburar da mu shi ne labarin wata 'yar'uwarmu, wadda aka ɗauko mijinta daga Borno da rauni a cinya. Da almakashi aka yanke kakin da ke jikinsa, jakarsa kuma tana can inda ya bar ta, saboda haka har ta isa wurinsa ba shi da ko singileti sai rigar asibiti. An ce mana ta hannun limamin bariki ake kai irin wannan taimako. Shin haka ne? Kuma gwanjo mai kyau zai yi, ko lallai sai sabo?

Tsohon Saje, Gombe:

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya saka muku da alheri. Wanda ya ce ku bi ta hannun liman bai ɓatar da ku ba. Rundunar sojan ƙasa tana da sashen harkokin addinin Musulunci, tana kuma da sassa biyu na malaman Kirista, na Katolika da na Furotesta, kuma waɗannan mutane sojoji ne masu kaki da muƙami. Suna shiga ɗakin majinyata ba tare da wani ya tare su ba, suna zama bakin gado, shi ya sa sun fi kowa sanin wanda danginsa ke zuwa da wanda iyayensa suke Kalaba ko Sakkwato, babu mai kawo masa ko sabulu.

Sai dai kada ku ɗauki ƙunshin kaya ku nufi ƙofar bariki kai tsaye, domin na bakin ƙofa zai mayar da ku, kuma aikinsa ya yi. Ku fara samun limamin masallacin barikin Shadawanka da ke Bauchi, inda birged ta 33 take, ku rubuta takarda zuwa ga kwamanda da sunan ƙungiyarku da jerin kayan da adadinsu. Ku tambaye shi inda buƙata ta fi yawa, domin masu manyan raunuka daga arewa maso gabas galibi asibitin runduna ta 7 da ke barikin Maimalari a Maiduguri ake kwantar da su, ko a wuce da su asibitin soja na 44 a Kaduna. Waya kuwa ku bar ta a jaka. Na kwanta a irin wannan gado, kuma ba na jin akwai namijin da ke son a ɗauki hotonsa yana karɓar gajeren wando.

Anti Nas, Gombe:

Yaya Ummu Halima, tunda ɗinki ne sana'arku, kun fi mai sayowa daga kasuwa amfani. Wanda aka ɗaure wa ƙafa da filasta, ko aka kafa masa ƙarfe ta wajen ƙashi, wandon kanti ba ya shigarsa ko kaɗan. Ku ɗinka wando mai faɗin ƙafa da mazagi, wasu ku tsaga gefensu tun daga ƙugu ku jera maɓallai, riga kuma ta zama mai buɗewa ta gaba, domin mai ƙarin ruwa a hannu ba zai iya zura wuya ba. Yadin auduga mara nauyi ya fi, kuma ku guji duk wani yadi mai zanen kakin soja. Kayan ciki lallai su zama sababbi saboda buɗaɗɗen rauni. Rigar sanyi da bargo na gwanjo ba laifi idan an wanke an goge, musamman da hunturu. Ku haɗa da silifas, tawul, buta, man shafawa, buroshi da man goge baki, sannan cajar waya, wadda a gani na ta fi rabin kayan nan daraja ga mutumin da ke son jin muryar mahaifiyarsa. Magani da dafaffen abinci kada ku kai. Ko sojojin Amurka ma, a asibitinsu na Landstuhl da ke Jamus, ɗakin tufafin da aka riƙa bai wa waɗanda aka kwaso daga Iraƙi da Afganistan a hannun malaman addini ya kasance.

Malam Abu Sadik, Bauchi:

Ni ina ganin tufatar da sojan da ya ji rauni a bakin aiki haƙƙi ne a kan gwamnati, kuma bai kamata sadakarmu ta sa a manta da hakan ba. Amma tunda kun yi niyya, Hajiya, ku roƙi liman ya kira takwaransa na coci a raba tare, domin a ɗakin jinya gadon Musulmi da na Kirista a jere suke.

Ummu Halima, Bauchi:

Na gode ƙwarai. Malam, mun karɓi shawararka. Anti, tsagar gefen nan ta dama za mu yi ko ta hagu, ko kuwa mu tsaga duka biyun?