Shawarwarin waɗanda suka leƙa Taynuilt

Waɗanda suka taɓa zuwa ƙauyen Taynuilt da ke yammacin Sikotilan bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kada ka yi gaggawa a Bonawe, tsohuwar matoyar ƙarfen da ke bakin Loch Etive, wani reshen teku da ya shigo cikin ƙasa. Kamfanin Richard Ford daga Ingila ne ya kafa ta a 1753, wutarta ba ta mutu ba sai 1876.

Sun ce ka fara da rumbunan gawayi kafin ka isa wurin narkar da ƙarfen, domin a nan sirrin yake. Ita tamar daga yankin Cumbria na Ingila ake kawo ta ta jirgin ruwa. Dazuzzukan yankin ne suka jawo kamfanin, saboda gawayi yana farfashewa a doguwar tafiya. Ruwan kogin Awe ke juya babbar ƙafa mai kama da ta keke da ke hura zugazugi. A ganina, duk wanda ya taɓa zama a maƙera zai gane aikin nan take, girma ne kawai ya bambanta.

Mai son tafiya a ƙasa, an ce ya shiga dajin Glen Nant, inda a da ake sarar itacen gawayin. A ƙauyen kuma akwai dutsen tunawa da Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya, da ma'aikatan matoyar suka kafa a 1805.

Jirgin ƙasan Glasgow zuwa Oban yana tsayawa a ƙauyen. Ka riƙe rigar ruwa da maganin ƙwari, kuma ka tabbatar wurin a buɗe yake kafin ka kama hanya.