Labule ko bulain: wanne zai rage zafin falo da kuɗin wuta?

Maman Hanifa (Agege):
Assalamu alaikum jama'a. Falonmu yana hawa na biyu, tagoginsa biyu suna kallon yamma, kowacce faɗinta ƙafa biyar, gilashi ne mai zugewa da bogilari ta ciki. Daga ƙarfe biyu na rana har la'asar sakaliya ba a iya zama a ciki sai da esi, ga shi layin wutarmu Band A ne, wato rukunin da ya fi tsadar kuɗin wuta. Labulen da ke wurin baƙi ne mai kauri, amma zafin bai ragu ba, kuma ƙasansa ya fara funfuna. Shin labule zan sake ko bulain zan sa, wato makarin taga da ake naɗewa ko saukewa? Wane yadi, kuma yadi nawa? Sannan yaya ake wanke shi ba tare da ya lalace ba?

Injiniya Obalende:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Baƙin labulen nan shi ne rabin matsalar. Gilashi fari yana barin fiye da kashi uku cikin huɗu na zafin rana ya wuce. Idan hasken ya faɗa kan baƙin yadi, yadin ya shanye shi, ya yi zafi, sannan ya riƙa dumama iskar falon. Ɗakin zai yi duhu, amma zafin yana ciki. Abin da ake so shi ne fuskar da ke kallon gilashi ta zama fara ko ruwan azurfa, don ta mayar da hasken waje kafin ya zama zafi. Fuskar da ke kallon ɗaki kuwa, kowane launi kike so ki sa.

Legas tana kusa da tsakiyar duniya, kusan digiri shida da rabi arewa da ikwaita, don haka da tsakar rana, rana tana kai tsaye bisa rufi. Tagogin kudu da arewa ba sa shan wahala sosai, ɗan tsawon rufin kwano ma yana kare su. Gabas da yamma ne rana ke shiga kai tsaye, kuma yamma ta fi muni domin lokacin iska da bango duk sun riga sun yi zafi. Ba sai kin sayi labule mai tsada wa duk gidan ba, ki zuba kuɗin a waɗannan biyun.

Kan lissafin wuta: esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana cin yunit ɗaya da ɗan wani abu a awa idan kwamfiresa na aiki. A Afrilun 2024 da NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta ɗaga farashin Band A, yunit ya haura naira 200. Idan gyaran taga ya rage miki aikin awa ɗaya a rana, yunit talatin da wani abu ke nan a wata.

Abin da ya fi komai aiki shi ne tare rana tun daga waje: rumfa a saman taga, ko bulain na gora da ake saukewa ta baranda. Amma rumfa ba ta hana ranar la'asar da ta yi ƙasa, sai abin da ke sauka a tsaye. Idan gidan haya ne, sai an tambayi mai gida kafin a huda bangon waje. In bai yarda ba, akwai ledar da ake manna wa gilashi. Ki nemi mai sheƙi kamar madubi, kada ki karɓi baƙa zalla: baƙar tana sa gilashin kansa ya yi zafi, wani lokaci har ya tsage.

A rufe labulen tun azahar, kafin rana ta juyo. Idan aka jira sai falon ya ɗauki zafi, tayil da kujeru sun riga sun sha, kuma za su yi ta fitar da shi har bayan isha'i.

Tela Idi-Araba:
Hajiya, Injiniya ya gama da dalili, bari in ba ki awo.

Ba taga ake aunawa ba, sandar rataye labule ake aunawa. Taga mai ƙafa biyar kusan santimita 150 ce. Sandar ta zarce da santimita 20 ta kowane gefe, ta zama 190, kuma a ɗaga ta santimita 15 zuwa 20 sama da taga. Dalili shi ne haske da zafi ta gefe da sama suke sulalewa. Yadi kuma ninki biyu na tsawon sanda ake yanka: 380, a ƙara na kalmasa ya zama mita huɗu. Idan yadin mai faɗin inci 110 ne, wanda ake juya faɗinsa ya zama tsayin labule, yadi huɗu da rabi ya ishi taga ɗaya, tara ke nan na biyun. Idan mai faɗin inci 60 ne, sai an yanka fale uku an haɗa, kowane falle tsayin labulen da ƙarin santimita 25, wato kusan yadi tara a taga ɗaya. Shi ya sa mai arha a baki yakan fi tsada a ƙarshe. Ki tambayi faɗi kafin ki tambayi kuɗi, ko a kasuwar Balogun ko ta Tejuosho.

Yadin da ake kira bulak-awut iri biyu ne. Akwai wanda aka shafa wa roba a baya, akwai mai saƙa uku, wanda baƙin zare yake tsakiya. Mai robar ya fi tare haske, amma a laimar Legas robar takan yi danƙo, ta manne da juna, ta ɓare idan an cuɗa. Mai saƙa uku yana barin ɗan haske kaɗan, amma yana shan wanki. Don falo ni shi nake zaɓa, a yi masa farin shafi daban mai cirewa. Shafin ne zai sha rana, in ya ruɓe a canza shi kaɗai. Gwaji a kasuwa mai sauƙi ne: kunna fitilar waya, ki manna ta a bayan yadin, ki ga abin da ya fito.

Ki guji karan-miski da auduga zalla. Suna riƙe danshi, auduga kuma tana tsukewa bayan wankin farko. Foliyesta ya fi dacewa da nan.

Kada labule ya share ƙasa. A bar santimita biyu zuwa uku, saboda ruwan mofa yana cikin abin da ke kawo funfunar da kika gani. Zoben da ake bugawa a saman labule su zama adadi mai rabuwa biyu, kamar goma sha biyu ko sha huɗu, don gefe biyun su juya su kalli bango. Sanda mai kaurin milimita 28 za ki sa, da maƙali uku, ɗaya a tsakiya, in ba haka ba ta lanƙwashe. Bulo ɗinmu na nan da yawa rami ne a ciki, don haka mai sawa ya yi amfani da fisha, wato robar da ake cusawa a ramin bango don ta riƙe sukuru, mai lamba takwas, da dogon sukuru, ba ƙusa ba. In ya samu kan lintel, wato kankaren da ke saman taga, ya fi.

Hajiya Ta Mile 12:
'Yar'uwa, ni zan ɗan saɓa wa masu cewa a yi ta rufe labule. Funfuna ba ta son komai kamar ɗaki a rufe babu iska. Daga Afrilu zuwa Oktoba, musamman Yuni da Yuli, a janye labule gaba ɗaya da safe, a buɗe taga awa ɗaya ko biyu, sai a rufe da azahar kamar yadda Injiniya ya ce. A kuma duba ramukan da ke ƙasan firam ɗin alminiyom, waɗanda ruwan sama ke fita ta ciki. In ƙura ta toshe su, ruwa ya taru a kwatar ya jiƙa yadi. Tsinken sakace ya isa a buɗe su.

Wanki sau biyu a shekara ya wadatar: bayan ƙurar hunturu, wajen Fabrairu, da kuma ƙarshen damina. Tsakani a riƙa kakkaɓewa duk mako. A cire ƙugiyoyi, a jiƙa cikin ruwan sanyi da sabulu kaɗan na minti ashirin, a dinga dannawa, kada a murɗe. A shanya a inuwa, a mayar kan sanda da sauran ɗan laushi, nauyinsa zai miƙar da shi ba sai an yi guga ba. Mai roba a baya kuwa ba a sa masa dutsen guga, ba a saka shi a injin wanki, da tsumma mai laima ake goge shi.

Wurin funfunar, a fitar da labulen waje a goge da buroshi, a fesa farin binega da ruwa rabi da rabi, a bari awa ɗaya sannan a wanke. Bilic yana cin launi, kuma kada a taɓa haɗa shi da binega, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Mai Bulain Alaba:
Hajiya, bulain ma yana da wurinsa. Mai naɗewa, mai farin baya, in aka sa shi dab da gilashi sannan labule a gabansa, ya fi kowannensu shi kaɗai. Amma ki fara duba bogilarinki: in yana cikin ramin taga, bulain ba zai shiga ba, sai a ɗora shi kan bango, ya zarce santimita 10 kowane gefe. Wanda ake yayi yanzu, mai ratsin duhu da shara-shara, na ado ne da sirri, ba ya tare ranar yamma sosai. Mai fale-falen alminiyom ya dace da kicin da banɗaki saboda ana goge maiƙo, na katako kuwa laima tana karkatar da shi.

Abin da ke fara lalacewa shi ne kan da ke juya bututun da bulain ke naɗuwa a jikinsa, galibi saboda ana fizgar sarƙa a karkace. Ana sayar da shi daban, ba sai an sake bulain ɗin duka ba. In akwai yara a gidan, a ɗaure sarƙar da maƙalinta a bango, sama da inda hannunsu ke kai, domin tana iya shaƙe yaro. Maganin sauro na kunnawa da kyandir kuma su yi nesa da foliyesta.

Maman Hanifa (Agege):
Allah ya saka da alheri. Malam Tela, shafin shi ma ninki biyu zan saya, ko daidai tsawon sanda?

Tela Idi-Araba:
In za a ɗinke shi da labulen, awonsu ɗaya, sai dai shafin ya gaza da santimita uku a ƙasa don kada ya leƙo. In sandarsa daban ce a baya, ninki ɗaya da rabi ya isa, wato yadi uku da ɗan ƙari a kowace taga. Ki jiƙa shi ya bushe kafin a yanka.