Rashin mashaya ne ke korar baƙi daga otal-otal ɗin Kano?

Manajan_Masauki:
Assalamu alaikum. Ina kula da wani ƙaramin otal a Nasarawa, cikin Kano. Maigidana ya dawo daga Legas da wata magana da ta tsaya mini a rai, wai ɗakunanmu na kwana babu kowa ne saboda ba mu da mashaya. Ni dai abin da idona ya gani, Turawan da ke zuwa kallon Hawan Daushe sukan tambayi giya da daddare, in ce babu, su sha zoɓo mai sanyi su kwanta. Ba wanda ya taɓa ɗaukar jakarsa ya fita. 'Yan kasuwa daga Kudu ne wasunsu ke wucewa Sabon Gari su kama ɗaki. Ku da kuka san harkar, da gaske haramcin giya ne ya kashe mana kasuwa?

Ɗan_Fagge:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce wa Alhaji ya cire wannan daga ransa. Tun 2000 aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, kuma Hisbah ba wasa take yi ba: a 2013 kwalaben giya kusan 240,000 aka murƙushe a bainar jama'a. To amma bayan 2000 ɗin ai Turawa sun ci gaba da zuwa Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata, muna ganinsu da kyamarorinsu. Abin da ya tsinke igiyar shi ne harin da Boko Haram ta kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012, daga nan ofisoshin jakadanci suka riƙa gargaɗin mutanensu. Tsoro ya hana su, ba ƙishirwa ba.

Maman_Hanif:
Ka duba Katar ma. Saura kwana biyu a fara gasar cin kofin duniya ta 2022 suka hana sayar da giya a filayen wasa, duk da kamfanin giya na Budweiser na cikin masu ɗaukar nauyin gasar. An yi ta surutu, filaye kuma suka cika.

Baban_Sabo:
Hajiya, ki faɗi sauran. A Katar manyan otal masu lasisi suna sayarwa, filin wasa kawai aka hana. Saudiyya ma da ta haramta tun 1952 ta buɗe shago a Riyad a 2024 domin jami'an diflomasiyya waɗanda ba Musulmi ba. Ba cewa nake a yi haka a Kano ba, Allah ya kiyaye. Amma kada mu yaudari kanmu, akwai kamfanonin da in za su yi taron kwana uku sai su zaɓi Abuja, kuma wannan na cikin lissafinsu. Asara ce da muka zaɓa da saninmu.

Manajan_Masauki:
Na gode ƙwarai. Baban Sabo, maganarka zan kai wa Alhaji yadda take. Kuɗin da ke hannunsa kuwa zan roƙe shi mu sa sola, don ƙorafin da ya fi yawa a littafin baƙinmu na janareta ne da ake kashewa ƙarfe biyun dare.