Na yi tambaya kan Python an rufe ta, yaya ake tambaya a kula mutum?

Sabon Ɗan Koyo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a ɓace. Ni ba kwamfuta na karanta ba, lissafin kuɗi na yi. A wurin aikinmu duk ƙarshen wata sai na haɗa fayilolin Excel masu yawa su zama rahoto guda, da hannu, har idona ya riƙa ciwo. Wani abokin aiki ya ce min Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, zai iya yi min wannan cikin ɗan lokaci, shi ne na fara koyo da daddare ta bidiyo. Kuma na riga na yi wa shugabana alƙawarin rahoton wannan watan zai zo da wuri. Na bi bidiyon sak, abin ya ƙi. Sai na shiga wani babban zauren masu rubuta manhaja, na ɗauki hoton allon da wayata, na rubuta cewa taimakon gaggawa nake nema, Python ɗina ba ya aiki. Wani ya ce me na gwada, wani ya ce in daina sa hoto, daga nan aka rufe tambayar wai an taɓa yin irinta. Ko mutum ɗaya bai faɗa min maganin ba. Turancina ba shi da ƙarfi, da ƙyar na haɗa jimlolin. Ko dai wurin ba na irinmu ba ne, in haƙura?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam ƙanina. Ka ga, a nan ma mun san aikinka, mun san alƙawarinka, amma har yanzu ba ka faɗa mana abin da kwamfutar ta rubuta maka ba. "Ba ya aiki" kamar ka je wurin likita ne ka ce ba ka da lafiya, ka yi shiru. Masu amsawa a can ba biyan su ake ba, lokacinsu suke bayarwa, don haka tambayar da sai sun yi ta jan mutum kafin su gane ta, wuce ta suke yi. Idan Python ya tsaya yana zubo layuka, na ƙarshen shi ke ɗauke da sunan kuskuren. Kwafo su duka a rubuce. Abin da ke cikin hoto ba a iya kwafa a gwada, mai irin matsalarka gobe ma ba zai same shi a bincike ba. Ka faɗi Windows kake, ko Linux, ko Mac. Ka rubuta python --version ka kawo abin da ya fito, domin Python 3 ya fito tun 2008, an daina kula da Python 2 a farkon 2020, amma tsofaffin bidiyoyi suna nan suna koyar da shi. Sai ka faɗi abin da ka so ya faru, abin da ya faru, da abin da ka gwada. Ka cire "gaggawa" daga kan tambayar, ka sa sunan kuskuren a wurin. Turanci kuwa ba wanda ya damu da shi in bayanin ya cika.

'Yar Manhaja: Malam, duk na yarda, amma a faɗi gaskiya wasunsu wulaƙanci ne da su. Ni ma haka aka yi min ina farawa, wani ya ce in je in karanta takardun bayani, alhali ban ma san inda suke ba. Na daɗe ban sake tambayar kowa komai ba. Ɗan'uwa, ka tambayi ChatGPT, ba zai yi maka gatse ba. Ko ka nemi mutum ɗaya ka bi shi ta saƙon sirri.

Tsohon Hannu: A'a 'yar'uwa, saƙon sirri ɗora wa mutum ɗaya nauyi ne, kuma in ya ba shi amsar da ba daidai ba babu mai gyarawa. ChatGPT yana taimakawa, amma yakan ƙirƙiro umarnin da babu shi, ya faɗe shi da cikakken tabbaci. Dalilin da ya sa Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, ya hana sa amsoshinsa ke nan a Disambar 2022. ChatGPT ɗin ma in ka ce masa "ba ya aiki", hasashe zai yi maka.

Sabon Ɗan Koyo: Na gode yaya, amma hoton da dalili na sa shi. Kwamfutar ofis ce, fayilolin da sunayen mutane da albashinsu a ciki, ba zan iya watsa su a intanet ba. Kuma maganar gaggawa gaskiya na faɗa.

Tsohon Hannu: Babu wanda ya ce ka sa fayil na gaske, kar ma ka kuskura, haka kalmar sirri. Ƙirƙiri ƙaramin fayil mai layi uku da sunayen bogi, ka rage umarnin Python da ka rubuta har ya rage 'yan layukan da ke jawo kuskuren kaɗai. Sau da yawa a wajen ragewar mutum ke gano matsalar da kansa. Yanzu dai mene ne layin ƙarshen?

Mai Lura: Ni abin da ke ƙona min rai masu tambayar ne. Ka zauna ka yi wa mutum bayani, ya ɓace. In ya dawo sai ya ce "na gyara", ba zai faɗi yadda ya yi ba. Na daina amsawa saboda haka.

Sabon Ɗan Koyo: Layin ƙarshen cewa yake No module named 'pandas'. Alhali na sa pandas ɗin, wato ƙarin kayan aikin da Python ke sarrafa fayilolin Excel da shi, da idona na ga ya gama sauka. Shi ya sa na ce tambayata daban ce da wadda suka nuna min, kuma ko ma iri ɗaya ce ai sai a faɗa min da daɗin baki.

Tsohon Hannu: To da wannan ka rubuta tun farko da tuni an wuce wurin. Galibi Python biyu ne a kwamfutar, pip, wato abin da ke sauko wa Python da kayan aiki, ya zuba pandas a ɗaya, kai kana kunna ɗayan. Rubuta python -m pip install pandas, ka kunna aikin da wannan python ɗin. Ka koma ka karanta tambayar da suka nuna maka, ina kyautata zaton amsarka na ciki.

Mai Lura: Kar ka wahalar da kanka. Goge komai ka sa Anaconda, wata manhaja ce da ke zuwa da nata Python, pandas na ciki tun asali.

Tsohon Hannu: Ya ƙara Python na uku ke nan kafin ya gane na biyun?

Sabon Ɗan Koyo: Ba ni da izinin goge komai a kwamfutar ofis. Zan gwada na yaya gobe in Allah ya kai mu, amma zauren can kam ba na jin zan sake komawa.

'Yar Manhaja: Har yanzu ba ka faɗa ba, Windows ce? Kuma a cikin me kake kunna shi?