Tsofaffin sojojin wasa na Rumawa, ya zan gyara su?

Dan_Birni: Salam jama'a, kawuna da yayi karatu a Ingila ya bar min akwati cike da ƙananan sojoji na dalma, Rumawa da mutanen Hannibal (janar ɗin Carthage da ya yaƙi Rumawa) har da giwaye, fentin duk ya ɓaɓɓake, ina so in dawo dasu fagen wasa, ta ina zan fara?

Baban_Ummi: Jiƙa su cikin Dettol su kwana, ka goge da tsohon buroshin haƙori fentin zai fita tas. Amma dalma guba ce malam, ka nisanta su da yara ka dinga wanke hannu.

Sadauki: In ƴan tsayin 15mm ne nemi dokokin DBA na 1990 (wasan yaƙin zamanin da ne da ake yi da irin sojojin nan a kan tebur), rukuni 12 kacal kowace runduna, ƙaramin tebur ma ya isa.

Dan_Birni: Nagode yallaɓai, masun da suka karye fa?

Sadauki: Waya siririya da supa gulu, shikenan.