Yaya zan yi shagonmu ya riƙa fitowa a Google in an nemi kayan fata a Zinder?

Ɗan Baduku, Birni:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar intanet. Mu dukawa ne tun kaka da kakanni, shagon babana yana cikin Birni ba nisa da fadar Sarki, muna ɗinka jakunkuna da takalma da tumtum da kube. Yanzu tsoho ƙarfi ya ja baya, ni ke riƙe da shagon. To wani kiliyanmu na Yamai ya ce min ya rubuta "sac en cuir Zinder" a Google don ya tura ma abokinshi inda muke amma bai ga komi namu ba, sai kayan wasu da ba ma a garin suke ba. Na duba da salulata na ga haka ne, ko a taswira babu mu alhali otel da kantin maganin da ke kusa da mu duk suna nan. Muna da Facebook ina saka foto kullum amma shiru. Sai wani yaro ya zo ya ce in ba shi jikka 50 zai sa mu zama na farko cikin sati ɗaya, bayan nan duk wata jikka 10. Kuɗin nan ba kaɗan ba ne yanzu da fata kanta ta yi tsada. Da gaske biya ake yi, ko akwai abinda zan iya yi da kaina?

Mai Gyaran Salula, Zango:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Kamfanin Google da kanshi ya faɗa cewa babu wanda zai iya ba ka tabbacin zama na farko, kuma ba a sayen matsayi a taswira da kuɗi. Abinda ake biya talla ce, ita ce kake gani can sama an rubuta "Sponsorisé" kusa da ita, ranar da ka daina biya ranar take ɓacewa.

Otel ɗin da ka gani ba wani siddabaru suka yi ba, rajista ce, kuma kyauta ce. Sunan abin Google Business Profile, da can Google My Business ake ce mishi. Gmail kawai kake buƙata, ka shiga ka saka sunan shago da irin sana'ar da lambar waya, ka fara da +227 don mutanen Kano da Daura su iya kira kai tsaye, sannan lokacin buɗewa da rufewa, in kuna rufewa don Juma'a ka rubuta, babu abinda ke ɓata ma baƙo rai kamar ya hau kabu-kabu cikin ranar nan ta Damagaram ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa.

Sun ce abu uku suke dubawa kafin su jera shaguna. Dacewar abinda ka rubuta da abinda mutum ya nema, da nisan da ke tsakaninka da mai neman, da kuma shahara, wato yawan masu maganarka da masu yabonka. Nisa dai babu yadda za ka yi da shi. Dacewar nan kuwa ita ce mutanenmu suke sakaci da ita, za ka ga mutum ya rubuta "muna da kaya masu kyau da rahusa" shi ke nan, to wane kaya? Inji ne fa, bai san fata kake ɗinkawa ba sai ka gaya mishi. Akwai wurin bayani mai cin harafi 750, ka cika shi da sunan kowane abu da kuke yi, da Faransanci da Hausa duka, saboda ɗan Yamai "maroquinerie" ko "pouf en cuir" zai rubuta, bakano kuma "jakar fata" zai rubuta, kuma shi Damagaram ya sani ba Zinder ba, don haka ka sa sunayen garin biyu. In kana son sanin kalmomin da mutane ke amfani da su ka fara rubuta rabin magana a Google ka tsaya ka ga abinda zai ƙarasa maka.

Amma kar ka cusa waɗannan kalmomi cikin sunan shago. Abinda ke rubuce a allon ƙofarku shi za ka sa, in ka yi ƙari suna iya dakatar da kai.

Hajiya Mai Turare, Sabon Gari:

Ɗana Allah ya ƙara ma babanka lafiya. Ni 'yata ce ta yi min wannan rajistar, kuma abinda na lura ya fi jawo min mutane shi ne foto da yabon kiliya. Kar ka ɗauki foto cikin shago da duhu, ka fitar da jakar ƙofa da hantsi ka shimfiɗa farin zane ka ɗora ta, ka matso kusa har a ga zaren ɗinkin da ja da koren fatar, ka buɗe cikinta ma ka ɗauka don mu mata ciki muke fara dubawa. Ka ɗauki hannun tsoho yana aiki da basilla, wannan ya fi komi nuna cewa aikin hannu ne ba na kwantena ba.

Sannan duk wanda ya sayi kaya ya ji daɗi ka tura mishi adireshin wurin yabo, wato inda kiliya ke rubuta ra'ayinsu kan shagonka a Google, ta WhatsApp ka roƙe shi ya rubuta ko layi biyu ne. Wannan kiliyan naka na Yamai shi za ka fara da shi tunda har ya damu ya neme ku. Wanda ya rubuta ka amsa mishi da godiya, wanda ya yi ƙorafi ma ka amsa da ladabi, masu zuwa daga baya suna karantawa. Kar dai ka tara 'yan fadarku su zuba maka taurari biyar-biyar rana guda ba su taɓa sayen komi ba, Google ya hana, kuma ko bai hana ba ai ha'inci ne.

Na Kasuwar Dole:

Ni fa gaskiya ban ga amfanin wahalar nan ba. Wa ke neman baduku a Google a garin nan? Kowa ya san Birni, ka tambayi ɗan kabu-kabu ya kai ka. Ciniki yanzu a status ɗin WhatsApp yake, ka saka foto a kira ka, a turo kuɗi ta Nita ka kai kaya tasha, an gama.

Mai Gyaran Salula, Zango:

Alhaji maganarka tana kan hanya in 'yan gari ake nufi. Sai dai status wanda ke da lambarka kaɗai ke ganinshi. Ma'aikacin da aka turo daga Yamai ko Tawa, ko mai neman tsaraba ta kwana biyu, ko ɗan kasuwar Kano mai son sari, ba su da lambar ɗan badukun nan, su ake ma wannan aikin. In sun same shi sau ɗaya ai cinikin WhatsApp ɗin zai koma.

Ɗan Baduku, Birni:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Hajiya amin na gode. Na fara cikawa yanzu amma na tsaya a wurin adireshi, lungunmu ba shi da suna balle lambar gida, kuma na ji an ce wasiƙa suke aikowa ta gidan waya don tabbatarwa, mu ko akwati ba mu da shi.

Ɗalibi, Jami'ar André Salifou:

Yaya wannan ba matsala ba ce. Ka tsaya daidai ƙofar shagon ka buɗe Google Maps ka kunna GPS, ka taɓa shuɗin ɗigon nan da ke nuna inda kake, za ka ga wasu haruffa da lambobi da alamar + a tsakiya, Plus Code ke nan, an yi shi ne don wuraren da ba su da sunan titi irin namu. Ka kwafe shi ka ajiye, shi za ka riƙa tura ma baƙi. A wurin adireshi ka rubuta unguwar Birni da Zinder, sannan ka ja jan tsinken da ke kan taswirar da yatsa har ya zauna kan rufin shagonku sosai, saboda lungunan Birni kuskuren taku ashirin ma sai ya kai mutum gidan wasu.

Maganar wasiƙa kuma ba ita kaɗai ba ce, su ke zaɓa maka hanyar, wani lokaci saƙo ne ta waya, sau da yawa yanzu bidiyo suke cewa a ɗauka. In bidiyon ne a ɗauka ɗaya ake yinshi ba yankewa, ka fara daga waje a ga lungu da allon shago, ka sa makulli ka buɗe da hannunka, ka shiga ka nuna fatu da kayan aiki. In ba ku da allo ka sa a rubuta muku tun kafin nan, kuma ka nemi lokacin da rezo ke da ƙarfi don turawar tana cin mega, bayan nan sai ka ba su 'yan kwanaki su duba.

Abu ɗaya da nake roƙonka, da Gmail ɗinka za ka buɗe ba na wani ba. Wanda ya buɗe da nashi shi ne mai abin a wurin Google, gobe in kun saɓa zai iya canza lambar waya ya sa tashi. In kana son wani ya taimake ka akwai inda ake ƙara shi a matsayin manaja kai kana nan mai shi. Sunan shago da lambar da ka sa nan kuma su zama daidai da na Facebook ɗinku harafi da harafi. Bayan wata ɗaya ko biyu ka shiga wurin da aka rubuta "Performances", zai nuna maka kalmomin da mutane suka rubuta har suka gan ka da yawan waɗanda suka danna kira, da su za ka gyara bayanin.