Neman shawara: inuwar ganuwa tana cushe mini a zanen tawada

Mai tambaya: Salamu alaikum malamai. Ina kwaikwayon wani ɓangare na hoton da Jacques Callot, wani mai zanen Turai na ƙarni na 17, ya yi na ƙawanyar da sojojin Sifen suka yi wa birnin Breda na ƙasar Holland. Da na fara gitta layuka don fitar da inuwar ganuwa sai wurin ya zama baƙi ƙirin, sojojin nesa kuma su yi nauyi ɗaya da na kusa. Ina gyaran yake?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan aiki na 1628 ba da alƙalami aka yi shi ba, a kan faranti 6 na tagulla aka zana, ruwan asid ya ci layukan, sannan aka buga. Callot bai cika gitta layi ba ma. Yakan jera su gefe da gefe, kowanne ya fara siriri, ya yi kauri a tsakiyar inuwa, ya sake sirancewa. Nemi bakin alƙalamin ƙarfe mai lanƙwasuwa, ka danna a tsakiya, ka sassauta a ƙarshe.

Amsa ta biyu: In gittawar kake so, sahun farko ya bi gangaren ganuwar, tazarar layi da layi ta ninka kaurin layin sau 2. Bari ya bushe sarai. Tawada a kan ɗanyar tawada ita ke cike fararen gurabe. Sahu na biyu ya karkata digiri 30 zuwa 45, kada ya kai 90, don hakan kan mayar da bango kamar raga. Na uku sai a lungu kawai, ƙasan ganuwa da bakin ramin da ya kewaye ta. Na huɗu ɓarna ne, takardar ma saɓulewa take yi.

Amsa ta uku: Maganar nesa, Callot yakan cire farantin daga asid da wuri ya rufe ɓangaren nesa don kada asid ya ƙara cinsa, sannan ya mayar da farantin, shi ya sa layukan can suke fitowa sirara. Kai kuma sirka tawada: kashi 1 da ruwa kashi 3, sahu ɗaya tak, ba gittawa. Ka duba ƙaro in tawadar gida ce. In ya yi kaɗan layi bajewa yake yi, in ya yi yawa ya ƙi sauka daga alƙalami. Takarda kuwa mai santsi, ta auduga, giram 200 ko fiye.